Zauren Marubuta: Me ya sa mahassadin cikin labarina bai yi kama da mutum ba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune da iyayena a Agege, kuma ina rubuta wani labari da nake saki kaɗan-kaɗan a wani zauren WhatsApp na mata. Labarin wa da ƙani ne a kasuwar Mile 12. Wan dillalin tumatir ne, shi ya ɗauko ƙanin daga gida ya kawo shi Legas. Da Allah ya buɗa wa ƙanin, sai hassada ta kama shi. Damuwata ita ce masu karatu suna cewa wan bai yi musu kama da mutum ba, wata ma cewa ta yi kamar dodon tatsuniya. Alhali na sha faɗa a cikin labarin cewa mahassadi ne, na sa yana harara yana cizon yatsa, har wurin boka na kai shi. Ga babi uku nan na haɗo. Don Allah ina gyaran yake?

Wata ɗaliba, Agege

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Na karanta babi ukun, kuma ina so ki fara sanin cewa kina da ido. Kasuwar ta fito sosai a rubutunki: caɓin ƙasa, ihun 'yan dako, warin tumatirin da ya kwana. Amma masu karatunki sun faɗa miki gaskiya game da Alhajin nan, wato wan, kuma ki gode musu.

Abin da ya faru shi ne, ke kin san ciwon da ke damunsa, sai kika bari shi ma ya sani. Alhajinki yana tashi da safe da sanin cewa shi mahassadi ne, ya yarda da hakan, ya fita aikinsa na hassada. Ni kuwa tun da nake zaune da mutane a garin nan, daga Zangon Agege zuwa Idi-Araba, ban taɓa ganin wanda ya kira kansa da wannan suna ba ko a zuciyarsa. Mai hassada a wurin kansa mutum ne da aka yi wa butulci, ko mai hangen nesa da yake jin tsoron kada yaro ya faɗa rami. Aibin da ke cikin mutum ba kasafai yake fitowa a kamanninsa ba. Sau da yawa ma da kamannin kishiyarsa yake fitowa.

Ki tuna ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis salam. Wannan ba ƙagaggen labari ba ne, zancen Allah ne, amma duk mai son sanin halin ɗan Adam a nan zai tsaya. Da 'yan'uwansa suka ƙulla abin da suka ƙulla, ba da ɓacin rai suka je wa mahaifinsu ba. Tambayarsa suka yi me ya sa ba ya amince musu a kan Yusuf alhali su masu yi masa fatan alheri ne. Suka ce ya bar shi ya bi su gobe ya ci ya yi wasa, su za su tsare shi. Da dare kuma suka dawo suna kuka. Abin da ke cikin ƙirji daban, abin da ke kan harshe kulawa ce da tausayi. Wannan tazarar da ke tsakanin biyun ita ce babu a labarinki.

To mu koma Mile 12. Ki sa mota ta iso da asuba daga Kadawa ko Danja, bayan ta kwana biyu ko uku a hanya. Ana sauke kwanduna, dillalai suna ɗaga murfi suna duba wanda ya yi ruwa da wanda ya iso lafiya. Matan Yarbawa masu sari sun fara cika rumfa. Ƙanin ya iya Yarbanci fiye da wan, domin da ƙuruciya ya zo, harshensa bai yi tauri ba. Sai wata tsohuwar kwastoma, wadda ta shekara da shekaru tana saye a hannun Alhaji, ta shigo ta wuce shi tana tambayar ina yaron yake. A nan ke za ki sa ya yi ƙwafa ya hau harara. Kada ki yi. Ki sa ya yi dariya, ya ce mata ai yaron nan ya ƙwace masa kasuwa, kowa ya yi dariya. Washegari kuma, daidai lokacin da matar take zuwa, ya tuna akwai kuɗin da za a karɓo a Ketu, ya aiki yaron. Bai yi ƙarya ba, da gaske akwai kuɗin. Sai dai za a iya karɓo shi da la'asar.

Ki lura da yadda yake yabonsa, domin mai irin wannan ciwo yana yabo, sai dai yabonsa kullum da wutsiya. "Yaron yana da ƙoƙari, sai dai a taya shi da addu'a, kun san yaran yanzu da rawar kai." Wanda ya ji zai ce wa ne mai kula da ƙaninsa. Ki lura da shawararsa: duk ranar da ƙanin ya kawo zancen kama rumfarsa, sai Alhaji ya ce a bari damina ta wuce, a bari kaya su sauko, a bari ya yi aure tukuna. Kowace shawara ita kaɗai tana da hujja, sai an jera su ne mai karatu zai ga shekara biyar ta wuce yaron yana nan yana riƙe wa wani littafin bashi. Wani manomi daga gida ya bugo waya yana neman lambar ƙanin don ya riƙa turo masa kaya kai tsaye, Alhaji ya ce to, zai turo, ya manta. Da gaske ya manta, kuma wannan mantuwar ta fi duk wata harara nuna abin da ke ransa.

Har kyautarsa ki yi amfani da ita. Idan auren ƙanin ya tashi, Alhaji ne zai yi lefe, ya kama masa ɗaki, ya ƙi yarda yaron ya sa ko sisi, duk da yanzu yana da hali. Mutane za su yi ta sa masa albarka. Amma abin da yake saye da kuɗin nan shi ne kada a wayi gari a ce yaron ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki zauna ki rubuta shi da natsuwa, domin shi ne zai raya mutumin nan. Ki bari ƙanin ya tara jarinsa ya yi lodin mota shi kaɗai karon farko. Motar ta lalace a hanya, ta ƙara kwana biyu a rana, ta iso rabin kayan ya zama ruwa. Duk wanda ya san harkar kayan gwari ya san wannan asarar, ba ta jiran kowa. Wa zai fara isowa wurinsa? Alhaji. Shi zai dafa kafaɗarsa, ya tsaya a kan a sayar da abin da ya saura, ya biya direba da aljihunsa, ya ce masa ya dawo rumfa ai gida bai ƙoshi ba. Idonsa ma zai iya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba. Sannan ki bi shi gida. Ki nuna matarsa ta lura ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, abin da ya yi watanni bai yi ba, ya kwanta ya yi barci har sai da ta tashe shi sallar asuba. Kada ki ƙara kalma ɗaya a kai. Mai karatu zai ji tsigar jikinsa ta tashi, domin ya gane, kuma wataƙila ya taɓa jin irin wannan sauƙin a ransa a kan wani.

Kafin ki gyara komai, ga aikin da zan ba ki. Ki ɗauki takarda, wadda ba za ta shiga littafin ba, ki bar Alhaji ya kare kansa da bakinsa kamar yana gaban Sarkin Hausawa ana sasanta su. Zai ce shi a bayan motar shanu ya shigo garin nan, ya kwana a tasha, ya yi dako har wuyansa ya kumbura. Zai ce da guminsa yaron ya yi makaranta, shi da ba a sa shi ba. Zai ce shi ya biya masa kuɗin mota, shi ya nuna masa yadda ake gane kwandon da aka yi wa ado a sama aka zuba ruɓaɓɓe a ƙasa. Yau kuma a rumfarsa ake wuce shi ana neman yaron. Ki rubuta har sai kin ji ya kusa rinjayarki. Idan ba ki taɓa tausaya masa ba, ba ki san shi ba tukuna, kuma wanda marubuci bai sani ba mai karatu ba zai yarda da shi ba.

Sai dai ki yi hattara da wani abu da ya zama yayi a rubuce-rubucen yanzu, inda ake kawo wani abu guda da ya faru da mutum yana yaro a ce shi ne mabuɗin duk halinsa. Ban yarda da wannan ba. Mutane nawa ne suka yi dako a Mile 12 suka ɗauki nauyin ƙannensu, kuma suka yi murna ta gaskiya da ɗaukakarsu? Wahalar da ya sha tana ba shi abin da zai kafa hujja da shi ne kawai. Zaɓin aiken yaron Ketu nasa ne, kuma dole labarin ya bar masa nauyinsa.

Zancen boka kuwa, shawarata ki cire shi. Ba don babu masu zuwa ba. Dalilina shi ne da zarar kin kai shi can, aikin ya bar hannunsa ya koma hannun wani, labarin ya tashi daga halin mutum ya koma na asiri da karya asiri. Mun cika littattafanmu da wannan hanyar saboda tana da sauƙi: kishiya ta je wurin boka, uwar miji ta je wurin boka, an huta da tunanin yadda mutum ke cutar da ɗan'uwansa da hannu biyu da murmushi. Alhajinki yana da makamai da suka fi layar boka kaifi. Yana da girma, yana da littafin bashi, yana da kunnen mahaifiyarsu a waya.

Wadda ta ce miki dodo ta taɓo wani abu. Ki duba tatsuniyoyinmu: yara ba sa riƙe komai game da Dodo sai tsoro, domin ba shi da wani ciki, cin mutane kawai yake yi. Gizo kuwa kowa ya san shi kamar maƙwabcinsa. Kwaɗayi ne ke tuƙa shi a kusan kowace tatsuniya, amma bai taɓa cewa shi makwaɗaici ne ba. Dabara yake kawowa, ya yi wa Ƙoƙi bayani mai daɗi, ya rantse, ya yi kamar taimako ya zo yi. Kakanninmu da suka ƙaga shi sun san wannan sirrin tun kafin a fara buga ƙagaggun labaran Hausa bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933.

Idan kina son zurfafawa, ki nemi wani malami a unguwarku ya karanta miki ɓangaren Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali da ke magana a kan halaye masu halakarwa, inda ya bi hassada da riya da girman kai da rowa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna sababinsu da alamominsu. Imam Gazali ya rasu tun 1111 Miladiyya, amma za ki ga Alhajinki a ciki. Ki tuna kuma hadisin alamomin munafuki guda uku: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Ciwon a zuciya yake, amma duka alamomin uku ayyuka ne da ido ke gani. Haka za ki yi. Ki bi babi ukun nan ki goge kalmar hassada duk inda ta fito daga bakinki na mai ba da labari. Idan za ta fito, ta fito sau ɗaya, can gaba, daga bakin wani da ya gaji da haƙuri, wataƙila matar Alhajin.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni mai gadi ne a Ikeja, da can acaɓa nake yi. Da dare nake rubutu a waya. Tauraron labarina ɗan acaɓa ne mai addini da riƙon amana, yana ciyar da iyayensa a gida. Abokina ya karanta ya ce labarin ba ya motsi, wai sai na sa masa wani aibi. Ni kuma ina tsoron kada in ɓata mutumin kirki, matasa su karanta su ɗauka ina koya musu mugun hali.

Wani mai gadi, Ikeja

AMSA

Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Tsoronka mai kyau ne, amma abokinka ya fi ka gaskiya a nan. Ba sai ka mai da shi ɓarawo ko mashayi ba. Aibin mutumin kirki a jikin kirkinsa yake tsirowa, kuma kai ka fi ni sanin inda za ka same shi.

Ka san abin da ya faru da aka hana acaɓa a manyan sassan Legas a farkon Fabrairun 2020, aka kuma sake ƙarfafa dokar a farkon Yunin 2022 a Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da tsibirin Legas da Lagos Mainland. Ka san waɗanda aka ƙwace wa babura, wasu ma ba su gama biyan kuɗinsu ba. To ka sa tauraronka a cikinsu. Mutum ne da duk ƙauyensu ake misali da shi, duk wata sai ya tura kuɗin cefane, shi ya yi wa mahaifiyarsa rufin kwano. Aibinsa guda ne: ba zai iya jure a gan shi a ƙasa ba. Shi yana kiran abin rufin asiri da kunya, kuma akwai gaskiya a ciki, amma a ƙarƙashi girman kai ne.

Yanzu ka bi shi ka ga abin da wannan abu guda zai sa shi yi. Ba zai faɗa wa gida an ƙwace babur ba. Ƙarshen wata zai ranci kuɗi ya je wurin mai POS ya tura daidai abin da ya saba turawa, har da ɗan ƙari, don kada a yi zargi. Zai daina zuwa teburin mai shayin da 'yan garinsu ke zama, ya koma wani mai nisa inda ba a san shi ba. Wani ɗan garinsu zai yi masa tayin aikin dako ko wankin mota, ya ce ai yana da wata harka da yake jira. Wayar mahaifiyarsa za ta shigo yana kallo har ta katse, domin ita kaɗai ce take gane muryarsa in akwai damuwa. Sannan ranar da wani ya ba shi ajiyar kuɗi saboda an san shi da amana, ga Sallah ta matso, ga gida ana jiran saƙo, a nan labarinka zai motsa. Mutumin da bai taɓa cin sisin kowa ba zai zauna da kuɗin amana a aljihu yana gaya wa kansa aro ne kawai, kafin mai shi ya tambaya zai mayar.

Matashin da ya karanta wannan ba ɓarna zai koya ba. Zai ga yadda ƙin faɗin "ba ni da shi" yake kai mai salla da azumi bakin cin amana, kuma a ɗakunan da samarinmu ke kwana su shida su bakwai a garin nan akwai masu buƙatar ganin hakan. Tauraron da ba shi da ta inda za a kama shi ba ya wa'azantar da kowa, domin mai karatu ya san shi ba haka yake ba.

TAMBAYA

Malam, ina shirin shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa. Shin dole ne mai mugun hali ya tuba a ƙarshen labari?

Wata uwa, Obalende

AMSA

Ba dole ba ne, Hajiya, musamman a gajeren labari irin na wannan gasa, wadda tun da aka fara ta a 2016 take neman labari marar tsawo. Ba ki da filin da za ki rushe halin shekara arba'in. Hausawa da suka ce hali zanen dutse sun san ba a goge shi da wa'azin minti biyar, kuma mai karatu yana jin an raina masa hankali idan azzalumar uwar miji ta faɗi ciwo a shafin ƙarshe ta tashi tana neman gafarar kowa.

Idan kina son a ga canji, ki nemo aiki ɗaya ƙarami wanda tun farkon labarin kin nuna ba za ta iya yinsa ba, sannan ki sa ta yi shi da ƙyar, yana yi mata ciwo. Matar da ba ta taɓa cin girkin surukarta ba tare da ta kushe shi ba, ta ci ta yi shiru, ta miƙa kwano a ƙara mata. Idan kuma labarin ya nuna ba za ta canza ba, ki bar ta a haka, ki nuna mana wanda ya biya kuɗin halin nata: ɗan da ya rage shigowa gaishe ta, jikokin da ake hana su zuwa ɗakinta. Ki turo mini shafin farko da na ƙarshe in kin gama, sai mu duba ko matar da ta shiga labarin ita ce ta fita.